Minti Nawa Muke Saye da Gudu?

Ina gode wa kwamitin mujallar makaranta da suka sake ba ni fili a wannan shekara. Sun roƙe ni in rubuta wani abu a kan darasin da nake koyarwa, da sharaɗi ɗaya, wai kada in cika shafi da lambobi har iyaye su tsallake shi. Zan yi ƙoƙari, amma ban yi alkawari ba, gama maganar da ke bakina ba ta faɗuwa sai da 'yan lambobi. Ina roƙon iyayenmu da dattawan ikkilisiya su yi haƙuri su bi ni a hankali. Lissafin bai fi na mai awon hatsi a kasuwa wuya ba.

A jarrabawar da ta wuce na ba 'yan aji huɗu wata tambaya mai sauƙi. Na ce mutum ya tashi daga Jangeru da ƙafa, ya yi tafiyar kilomita 10 cikin awa 2, to, mene ne saurinsa? Yawancinsu sun ce kilomita 5 a awa, sun kuwa yi daidai. Amma wani yaro ya mai da awa 2 minti 120, ya ninka da 10, ya rubuta kilomita 1,200 a awa, har ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Jirgin saman da ke ɗaukar fasinja yakan yi wajen kilomita 900 ne a awa. Watau mutumin Jangeru da sandarsa ya tsere wa jirgin sama. Kuskure ba abin mamaki ba ne a wurin ɗalibi, ni ma na yi nawa. Abin da ya dame ni shi ne yaron ya dubi wannan amsa, gabansa bai faɗi ba. Yaro ne da ya tashi yana kiwon awaki, ya san tafiyar ƙafa fiye da ni. Amma da ya shiga aji sai ya ajiye wannan sani a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Laifin namu ne, mu malamai. Mukan zana musu alwatika a allo, mu sa nisa a sama, sauri da lokaci a ƙasa, mu ce su rufe wanda ake nema da yatsa. Su haddace, su rubuta WAEC ko NECO, su manta. Ba mu taɓa fitar da su waje mun ce su auna wani abu mai motsi ba. Ra'ayina shi ne, a cikin dukan abin da muke koyarwa a fiziks, babu darasin da ya fi wannan kusa da ran mutum a ƙasar nan tamu, babu kuma wanda muke koyarwa da sakaci kamarsa.

Kakanninmu ba su jira Bature ya koya musu wannan lissafi ba. Falke ya san zango nawa ne tsakaninsa da garin da za shi. Ya san jakin da aka yi wa laftu ba ya wuce abin da yau za mu kira kilomita 4 ko 5 a awa, don haka in yana so ya isa kafin almuru ya san ko da asuba zai tashi ko da hantsi. Ma'auninsa taki ne da kamu da gaba, agogonsa rana ce da inuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya a shekarar 1929, sai aka shiga lissafin mil da minti, gama jirgi ba ya jiran wanda ya ce zai zo da walaha. Daga baya kilomita ta maye gurbin mil. Ma'auni ne ya yi ta sakewa, amma dokar tana nan yadda falke ya san ta: ka raba nisa da lokacin da aka ɗauka, ka sami sauri. In kuwa ka san sauri, ka raba nisa da shi, ka sami lokacin da tafiya za ta ci. Iyakarta ke nan.

Yanzu bari in ba ku labarin da ya sa na zaɓi wannan magana. A bara, wata ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, na shiga motar haya daga Ƙaura. Mun zauna a tasha kusan awa guda ana jiran mutum biyu. Da mota ta cika sai direba ya tuna bai sha mai ba, sa'an nan ya tsaya gardamar canji da ɗan kamasho. Da muka hau kwalta kuwa sai ya zama kamar wanda ake kora. Ina zaune a gaba, ina ganin maleji yana taɓa 120. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ɗana, a yi sannu mana." Ya ce, "Inna, rana ta yi, kasuwa za ta watse." Muna shiga wani ƙauye sai ga yarinya da tiren gyaɗa a ka ta fito daga bayan wata tsayayyar mota. Ya taka birki, taya ta yi ƙara, yarinyar ta yi tsalle baya ta saki tiren. Tiren ne muka taka. Allah ya kiyaye, ba don haka ba da wani labari nake ba ku yau.

Direba yana can yana ba uwar yarinyar haƙuri yana biyan kuɗin gyaɗa, ni kuwa halin malanta ya motsa, na bi baƙin sawun da taya ta bari a kwalta ina ƙirga taki. Na sami taki 73. Takina wajen santimita 75 ne, na daɗe da auna shi, watau wajen mita 55 ke nan. Wanda ya san lissafin zai iya komawa baya daga wannan sawu ya gane gudun da mota take yi. Amsar ita ce wajen kilomita 100 a awa, a tsakiyar ƙauye, ranar kasuwa. Direban dai cewa ya yi birkinsa ne ya ci amanarsa. Birkin bai yi laifin kome ba, ya yi iyakar abin da birki zai iya.

Mu fara da abin da direban yake nema, watau lokaci. Daga Ƙaura zuwa Shinkafi mu ce kilomita 60 ne, domin lissafi ya zo da sauƙi. Mai tafiya a kan 80 zai ci minti 45. Mai tafiya a kan 120 zai ci minti 30. To, ga riba ta minti 15, in da hanyar shimfiɗaɗɗiya ce kamar tabarma daga farko har ƙarshe, babu rami, babu shinge, babu garke. Amma duk wanda ya bi ta ya san ba haka take ba. Mu ɗauka rabin hanyar ba ta yarda a wuce 40 saboda ramuka da garuruwa da tsayawa a shingen jami'an tsaro. Wannan rabi, kilomita 30, zai ci minti 45 ga kowa, mai hankali da mai gaggawa. Saura kilomita 30. A kan 80, minti 22 da rabi ne. A kan 120, minti 15. Duka ribar da mai ƙure maleji ya samu ita ce minti 7 da rabi. Ko shayi ba ya gama hucewa a cikinsu. Mu kuwa mun bar kusan minti 60 a tasha ba wanda ya yi kuka.

Wannan shi ne abin da littafi yake kira matsakaicin sauri, kuma a nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Maleji yana nuna gudun wannan lokacin ne kaɗai. Abin da ke kai mutum gida shi ne dukan nisan a raba da dukan lokacin, har da na tsayuwa. Ga wata tambaya da nakan kama 'yan aji biyar da ita kowace shekara. Mota ta je wani gari a kan 40, ta komo a kan 60, mene ne matsakaicin saurinta? Duk aji sai su ce 50. Amsar 48 ce, gama motar ta fi daɗewa a tafiyar da ta yi a hankali. In nisan kilomita 60 ne, zuwa ya ci awa ɗaya da rabi, komowa awa ɗaya, watau kilomita 120 cikin awa 2 da rabi. Ku raba ku gani. Jinkirin da aka riga aka yi yana da nauyi, gudu ba ya iya fanso shi duka.

To, minti 7 da rabi muka saya. Da me muka biya? A nan sai mun mai da kilomita a awa zuwa mita a sakan, domin hatsari ba a cikin awa yake faruwa ba. Dabarar ita ce a raba da 3.6. Mota mai gudun 50 tana cin wajen mita 14 kowace sakan. Mai gudun 100 tana cin mita 28. Mai gudun 120 tana cin mita 33. Daga lokacin da idon direba ya ga yarinya zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka a kan birki, akalla sakan ɗaya ta wuce, in yana farke sarai. In ya gaji, ko yana waya, ko yana gardamar siyasa da na kusa da shi, ya fi haka. A cikin wannan sakan mota ba ta rage kome ba.

Sa'an nan birki ya kama. Nan ne abin da mutane da yawa ba su sani ba yake. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata ba sau biyu yake ƙaruwa ba, sau huɗu ne. A busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, mota mai gudun 50 tana bukatar wajen mita 14 bayan an taka birki. Mai gudun 100 tana bukatar mita 55. Mai gudun 120 tana bukatar kusan mita 80. In aka haɗa da sakan ɗin farko, mai 50 zai tsaya cikin mita 28, mai 100 cikin mita 83, mai 120 kuwa sai ya wuce mita 110, watau ya fi tsawon filin ƙwallo daga raga zuwa raga. Wannan fa da taya mai kyau ne. Ku dubi tayoyin motocin da muke shiga, waɗansu sun yi sumul kamar tafin hannu. Ku ƙara da ruwan sama, ko yashin da iska take zubawa a kan hanya, ko buhunan da aka labta har boot ba ya rufuwa.

Akwai wata hanya ta ganin abin. Mutumin da mota ta buge a kan gudun 50, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, kamar bene mai hawa uku. A kan gudun 100 kuwa tsayin ya zama kusan mita 40, ya wuce kan giginya nesa. Ba wanda zai yarda ya sa 'yarsa a kan giginya domin ya riga wani isa kasuwa. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta ce kada ƙaramar mota ta wuce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya irin tamu, 100 a tagwayen hanya, ba daga ka ta tsinci lambobin ba. Daga irin wannan lissafi suka fito. A 2017 ma ta fara tilasta wa motocin haya su sa na'urar da ke hana wuce iyaka. Ko motoci nawa ne a tashoshinmu suke da ita, wannan kowa ya tambayi direban da ya saba shiga motarsa.

Wani ƙaramin abu kuma da ya kamata duk mai tuƙi a cikinmu ya duba. Motocin hannu da aka shigo da su daga Amurka, manyan lambobin malejinsu na mil ne, na kilomita su ne ƙanana a ciki. Mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Mutum yana ganin allura a kan 70, yana jin shi mai bin doka ne, ashe kilomita 113 yake yi. Na taɓa nuna wa wani abokin aikina wannan a motarsa, ya yi shekara biyu yana tuƙa ta bai lura ba.

Na san abin da direbobi za su ce, ba kuwa zan raina shi ba. Za su ce malam yana magana kamar bai san inda muke zaune ba. Hanyoyin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi sun sha tare-tare na 'yan bindiga cikin shekarun nan, har a watan Satumba na 2021 aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a jihar. Akwai dajin da in ka shiga ba ka son ko tari ya tsai da kai. Direban da ya taɓa jin harbi a bayansa, ba ni da bakin da zan ce masa ya yi rarrafe a wurin. Ni ma in muka iso irin wuraren nan addu'a nake yi a zuci, ba lissafi ba.

Amma ko wannan tsoro yana da lissafinsa. In mugun wurin kilomita 10 ne, a kan 80 za ka fita cikin minti 7 da rabi, a kan 120 cikin minti 5. Bambancin minti 2 da rabi ne. In kuwa ka faɗa rami a kan 120 taya ta fashe, to, ka sami zaman awa guda a daidai wurin da kake gudu, in ma motar ba ta kife ba. Har wa yau, ƙauyen da muka taka tiren gyaɗa ba daji ba ne. Babu ɗan bindiga a wurin, yara ne da awaki da masu talla. Abin da na lura shi ne ƙafar da ta saba da totur a daji takan manta ta ɗaga in an shigo gari. Babban abin da kowa yake tsoro kuma shi ne dare ya same shi a hanya. Maganin wannan yana tasha, ba a totur yake ba. Wanda ya tashi da rabin awa kafin lokacin da ya saba, ya sami ninki huɗu na abin da gudu zai ba shi, bai kuwa ƙona ƙarin mai ba. Hausawa da suka ce sauri ya haifi nawa, da alama sun taɓa shiga motar haya. Wannan ya shafe mu mu ma, ba direbobin tasha kaɗai ba. Sau nawa motar zumuntar mata ko ta matasa takan ce za ta tashi ƙarfe 7, a yi ta jiran mutum ɗaya har ƙarfe 9, sa'an nan mu da kanmu mu ce wa direba ya taka kada a fara taro ba mu?

Ku ɗalibai, yawancinku ba ku da mota, amma kowannenku yana tsallaka titi. Faɗin kwalta irin tamu wajen mita 7 ne. Mai tafiya a natse yana bukatar sakan 5 ko 6 kafin ya haye. Mai kaya a ka, ko tsohuwa, ko mai riƙe da hannun ƙaramin yaro, ya fi haka. A cikin sakan 6 mota mai gudun 100 ta ci kusan mita 170. Ke nan motar da kake hange can nesa, ƙarama kamar akwatin ashana, tare za ku iso tsakiyar titi. Ido yana iya kimanta nisa, amma ba ya iya kimanta saurin abin da ke tahowa kai tsaye, musamman da magariba. Ku koya wa ƙannenku wannan in kun je hutu, tun ba waɗanda ake aika talla bakin hanya ba.

Saura maganarmu mu malamai. Mukan fake da cewa ba mu da kayan aiki a ɗakin gwaji. Galileo, mutumin Italiya da ya fara auna yadda abu mai gangarowa yake ƙara sauri, ba shi da agogon da ke ƙirga sakan. Katako ya samu ya fafe masa hanya, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kai. Lokaci kuwa da ruwa ya auna shi: ya bar ruwa yana zuba ta ƙaramin bututu, in ƙwallo ya iso sai ya auna nauyin ruwan da ya taru. Da wannan ya gane cewa in lokaci ya ninka biyu, nisan da ƙwallo ya ci yakan ninka huɗu, ya kuma buga shi a littafi a 1638. Wannan ninki huɗu ɗan'uwan wanda muka gani a birki ne. Yau ƙaramar wayar da ke aljihun mai gadi tana da agogon da ya fi na Galileo nesa ba kusa ba. Ba kayan aiki muka rasa ba, fitowa rana ne ba mu so.

Saboda haka na nemi izinin shugaban makaranta, ya kuwa yarda, cewa makon farko na zango mai zuwa 'yan aji huɗu ba za su buɗe littafin fiziks ba. Za mu auna mita 100 a filin wasa da igiya, kowa ya ƙirga takinsa ya rubuta a bangon littafinsa, ya riƙe shi kamar sunansa. Za mu auna saurin mai tafiya, da mai gudu, da mai keke. Wanda ya ga ya isa sai ya gwada kansa da Usain Bolt, wanda ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a birnin Balin a 2009, watau wajen kilomita 37 da rabi a awa, abin da bai kai ko gudun kabu-kabu a cikin gari ba. Za mu saki rula a tsakanin yatsun juna mu ga santimita nawa take faɗuwa kafin a cafke ta, domin kowa ya ga da idonsa cewa tsakanin gani da motsi akwai lokaci. In hadari ya taso kuma za mu ƙirga daga walƙiya zuwa tsawa, kowace sakan 3 kilomita ɗaya ce. A rana ta ƙarshe za mu kafa turaku a mita 28, da 83, da 110, mu gayyaci direban makaranta da duk wani uba mai mota ko babur da ke da sukuni, su taka daga turke zuwa turke da ƙafarsu.

Kowane ɗalibi ya komo da igiya mai tsawon gaba 6, da ƙaramin littafi dabam da na aji. Yaron da ya ba mutumin Jangeru kilomita 1,200 a awa, shi ne zai riƙe mana agogo.